Gilashin da Tuat Ya Sayo a Ɓoye

Mu goma sha ɗaya muke neman abinci a gindin jar gadar Tafkin Guom a waɗancan shekarun: masu hoto goma, sai ni Nhuan da nake wanke musu fim a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar gidanmu. Mai wankin fim ba a ɓoye mata komai. Na san mai rawar hannu, na san mai yanke wa mutane ƙafa a hoto, na kuma san wanda in ya zo karɓar aikinsa sai ya fara leƙa na wani. Wannan na ƙarshen shi ne Yaya Tuat.

Tuat mutumin ƙauyen Lai Xa ne, inda kusan kowane gida da mai hoto. Ubansa mai hoto ne, ƙanen ubansa ma haka. Ya yi shekara tara a shagon hoto na gwamnati yana ɗaukar fuskoki don katin shaida, kafin ya sauko bakin tafki. Ba mugun mutum ba ne. In ruwa ya tsuge, shi ke fara miƙa wa na kusa da shi leda ya rufe kaya. Kyamararsa ƙatuwa ce, baƙa, ƙirar Rasha, da gilashi a gaba kamar gwangwanin madara, nauyinta har ya karkatar masa da wuya. Kafin ya ɗauke ka sai ya gyara maka haɓa, ya danna maka kafaɗa, ya ja da baya ya daka tsawa: "Kar ka motsa! Kar ka ƙifta!" Hotunansa tas suke fitowa, ana ƙirga gashin gira. Sai dai mutanen ciki kamar an tsayar da su gaban alƙali.

Shi da kansa ya kawo Khiem, ƙanin matarsa Lua, bakin tafkin. Khiem malamin lissafi ne da koyarwa ta kasa riƙe shi. Ya zo da wata tsohuwar kyamara da ta girmi 'ya'yan Tuat, mai ɗan gilashi kamar murfin kwalba, irin wanda ake tura shi ciki ya lafe, kyamarar ta shige aljihun riga. A kasuwar 'yan gwanjo a faranti ake zuba irinsa tare da matattun agoguna, don araha.

"Kawun yara," in ji Tuat a ranar farko, yana ɗaga murya don kowa ya ji, "wannan abin hoto yake ɗauka, ko taba ake kunnawa da shi?"

Aka kwashe da dariya. Khiem ma ya yi dariyar.

Shekara ba ta zagayo ba layi ya koma gefen Khiem. Shi ba ya gyara wa kowa haɓa. Zai tambayi soja sunan ƙauyensu, ya tambayi amarya wa ya ɗinka rigar, kafin mutum ya tuna ya sandare, kyamara ta fito daga aljihu ta yi ɗan ƙas, ta koma. Tun daga nan Tuat ya fara daɗewa a ɗakina.

"Nhuan, waɗannan na kan igiya na wane ne?"

"Ka fi ni sanin na wane ne, Yaya."

"Dubi gefe-gefen nan, duk ya yi laushi. A shagon gwamnati da tuni an kore shi."

"Amaryar dai ta ce a ƙara mata shida."

"Ita me ta sani? Yarinyar da bara take kiwon agwagi."

Sai ya ɗauki hoton, ya kai shi kusa da fitila, ya ƙura masa ido. Wani lokaci sai na yi gyaran murya sau biyu kafin ya ajiye.

A gida ma bai huta ba. Hoton Lua da ke jikin bangon ɗakinsu Khiem ne ya ɗauka, tana tsinke ganyen miya tana harara. Tuat ya ɗauke ta sau ba adadi cikin rigar biki, duk suna ƙasan akwati. Ya taɓa tambayarta dalili, ta ce, "A naka kamar na haɗiye cokali." Kwana uku bai ci abincinta ba, yana zuwa wajena yana cin shinkafa mai danƙo a ganye, yana mita.

A ƙarshe ya samar wa kansa amsa. "Ba shi ba ne, Nhuan. Me malamin lissafi ya sani a hoto? Gilashin ne. Tsohon gilashi yana yi wa fuska ƙarya. A ba ni shi kwana ɗaya ki ga aiki."

"To ka ara mana. Ƙanin matarka ne."

Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kan gada.

Ana nan sai surukarsa, Kaka Mui, ta cika tamanin, aka sa bikin ranar huɗu ga sabuwar shekara. Ba wanda ke faɗa da baki, amma kowa ya san hoton da aka ɗauki tsohuwa ranar, cikin jar riga, shi za a ɗora bisa teburin kakanni in ta rasu. Gabansa jikoki da tattaɓa kunne za su kunna turare, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi wanda ya ɗauka. Wannan tambayar ce ta hana Tuat sukuni.

Ya je ya sami Khiem da hujja a shirye. "Kai ne ɗa namiji tilo. Wurinka gefen Inna, kana karɓar baƙi. Ɗan gida yana tsalle-tsalle da kyamara ranar bikin uwarsa, me dangi za su ce? Ka bar abin kunna tabar nan a gida."

Khiem ya ce, "Gaskiyarka, Yaya." Ya kuwa bar ta a gida.

Ana jibi sabuwar shekara Tuat ya hau kekensa ya tafi kasuwar 'yan gwanjo, ya ja hula har gira, ya sayo kyamara irin ta Khiem sak, da ɗan gilashinta. Bai gwada ta ba. In ya gwada, ni zai kawo wa fim, kuma ya san kafin shayi ya huce bakin tafki ya ji.

Ina wurin ranar bikin. Tsakar gida cike, tabarmi da farantan kaza da dafaffen ƙullin shinkafa, Kaka Mui a kujera cikin jar riga da jan ɗankwali, tana taunar ganyen nan da tsofaffinmu ke taunawa kamar goro. Tuat ya zaro kyamara daga aljihu, a hankali, yana satar kallon Khiem. Ya jawo gilashin waje kamar yadda ya sha hango Khiem yana yi daga nesa. Na ga Khiem ya ɗan miƙe daga zaune.

"Yaya, gilashin nan, sai ka—"

"Zauna."

"A'a, abu ɗaya ne kawai, in ka jawo shi—"

"Kawun yara! Yau ma? A gaban dangi? Ina riƙe da kyamara kana wasan ƙasa. Ni na kai ka bakin tafki ko kai ka kai ni?"

Wani kawu ya ja hannun rigar Khiem, ya zauna, kunnuwansa ja. Tuat ya ɗauki tsohuwa ita kaɗai sau goma sha biyu, ya ɗauke ta da 'ya'ya, da jikoki, yana korar mutum ɗaya duk inda suka tsaya su uku, don a camfinmu hoton mutum uku ba ya yi wa na tsakiya kyau. Fim ya ƙare, ya mayar da kyamara aljihu yana haki kamar wanda ya ci kokawa.

Ranar shida ga wata da safe na wanke fim ɗin yana tsaye a bayana. Na ɗaga shi a fitila. Babu fuska ko ɗaya. Wani dunƙule a tsakiya, shi ne Kaka Mui, wasu dunƙulallu kewaye da ita kamar dankali a cikin hayaƙi. Hoto talatin da shida, duk haka.

"Ruwan wankinki ya lalace," in ji shi.

"Ga na mutum uku can a igiya, da ruwan nan na wanke."

"To ɗan gwanjon nan ya cuce ni."

"Ba ni kyamarar."

Na jawo gilashin, na taɓa shi da ɗan yatsa, ya sulale ciki kamar faɗin farce. Na sake jawowa, na murɗa dama, ya ce ƙas, na danna da ƙarfi bai motsa ba. Jawowar kawai Tuat ya gani daga nesa, murɗawar ba a ganinta. Kuma a ƙatuwar kyamararsa ta cikin gilashin kake kallo, in ya kauce za ka gani nan take. Wannan kuwa tagar leƙenta daban take a sama, ba ruwanta da gilashin. Za ta nuna maka duniya tas, fim yana shan hazo.

Ya zauna a kan matakala. "Nhuan, ƙanwata. Ki ce ruwan ne."

"In ce ruwan ne, gobe wa zai kawo mini fim?"

Yana nan zaune sai ga Khiem ya jingine keke. Bai tambaya ko hotunan sun fito ba. Ya ce, "Inna ta ce rigar tana nan ba a ninke ba. Gobe da safe, kafin maƙwabta su fara shigowa. Yaya Nhuan, kina da sabon fim?"

"Sai ka ɗauka da kanka," in ji Tuat, kansa a ƙasa. "Abin da kake so ke nan tun farko."

"Ni wurina gefen Inna. Kai ka faɗa."

Washegari mu huɗu ne a tsakar gidan, da Lua tana leƙe daga madafa. Tuat ya jawo gilashi, ya murɗa, ya sake dannawa sau uku ya tabbatar. Kunya ta sa ya manta da haɓa da kafaɗa, ya manta da tsawa. Tsohuwa ta gyara zama ta ƙare masa kallo.

"Kai, mijin Lua. Shekara talatin kana cin shinkafata, ban taɓa jin bakinka ya mutu ba sai yau. Ashe akwai abin da ba a koyarwa a Lai Xa?"

Ta fashe da dariya, baƙaƙen haƙoranta na rini duk a waje, ido ɗaya a kanne. Shi kuma don ruɗewa ya danna.

Na yi shekara ashirin da shida ina wanke fim, ban wanke wanda ya kai wannan ba. Da na miƙa masa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gefen ya yi laushi," ya sa a aljihun ƙirji. Bai sake taɓa ƙaramar kyamarar ba. Ya koma wa ƙatuwarsa da tsawarsa har ƙafa ta hana shi zuwa tafki.

Kaka Mui ta rasu bayan shekara biyu, aka ɗora hoton bisa teburin kakanni. Dangi ba su san an yi ɗauka ta biyu ba. Sun dai tuna Tuat ya yi ta kai-kawo ranar biki, amma da suka dubi hoton sai suka yanke hukunci da idonsu. Duk shekara ranar tunawa da rasuwarta Tuat yakan zauna kusa da teburin, cikin rigarsa mai kyau, yana jira. Ba a daɗewa wani zai kunna turare, ya ɗaga kai.

"Kai, ita ce sak! Kamar ta yi magana. Wannan hannun Khiem ne, ko a ina na gan shi na sani."

"Yaya Tuat ne ya ɗauka," in ji Khiem, kowace shekara.

"Ji mutumin kirki! Har aikinsa yake bai wa mijin yayarsa."

Shekarar ƙarshe da na je, Tuat ya tsufa sosai, da sanda yake tafiya. Wata gwaggo daga garin Hai Duong ta faɗi maganar nan, sai ya buga sandar a ƙasa.

"Nhuan tana wurin! Ita ta wanke! Nhuan, gaya musu."

Na ce, "Shi ya ɗauka, Gwaggo. A gabana."

Ta dube ni, ta dubi Khiem, ta yi murmushi ta dafa mini gwiwa.

"Ke ma ya roƙe ki, ko?"

Tuat ya ture kwanon shinkafarsa, ya lallaɓa ya fita tsakar gida. Lua ta ce a ƙyale shi, zai dawo in an kawo kaza.