Ƙaramar Lasifika da Rawanin Sarki

Na manta abubuwa da yawa na aikin nan, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni gyaran rediyon da ba abin da ya same shi ba. Ku sababbin shiga ku saurara, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce, an gama girbin gero ana cirar gyaɗa. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sabis ɗin yaɗa labarai na Maraɗi, mai kula da kayan magana. Aikinmu mu ɗora lasifikoki a kan mota mu bi kasuwanni, yau Gidan Rumji, gobe Agye, jibi Gazawa, muna sanar da jama'a abin da sabuwar gwamnati ta ce. Ni ke haɗa waya, ni ke kula da batir, ni kuma ake zagi in murya ta shaƙe.

Muna Agye wata Alhamis, sai kumandan, babban jami'in mulkin yankin, wanda ya fito rangadi, ya sa aka kira ni. Ya ce akwai wani tsohon sarki a wani gari tsakanin Gazawa da Gangara, ba zan faɗi sunan garin ba don jikokinsa na nan da rai. Ɗansa Isuhu yana can Dakar yana koyon aikin asibiti, an yi shekaru bai zo gida ba. Gidan rediyo ya ɗauki gaisuwar ɗaliban da ke waje, kuma gobe Juma'a bayan la'asar za a sa ta Isuhu, sau ɗaya tak, ba maimaici. Ga shi sarki na kukan rediyonsa ya lalace.

Kumandan ya ce, “Tahi ka gyara. So nike shi ji ɗansa da kunnensa.” Na juya zan fita sai ya rage murya ya ƙara da cewa, “Rediyon lahiya lau yake. Amma kar in ji ka hwaɗi haka a can.”

Nan na gane. Kunnen tsohon ne ya yi nauyi.

Bari in yi wa waɗanda ba ƴan sana'a ba bayani. Lasifikar da kuke gani mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari, ba ita ke magana ba. Mai maganar wani dunƙulen ƙarfe ne da ake murɗa mata a baya, mu muna ce masa kai. A cikinsa akwai maganaɗisu da wani ɗan faifai da ke rawa, yana matse iska ta ƙaramin maƙogwaro, bakin nan kuma ya buɗa ta. Babban kai na kasuwa faifansa mai kauri ne, yana jefa murya nesa, amma ba ya kaiwa ga siraran sautuka. Ƙaramin kai faifansa na alminiyon ne, bai fi ɓawon albasa kauri ba, shi ke fitar da siririn sauti, wanda da shi kunne ke rarrabe kalma da kalma. To shi siririn nan shi ke fara ɓace wa tsoho. Yana jin ana magana, amma kamar daga bayan katanga. Ƙara masa ƙarfi kuwa ƙara masa gunji ne kawai.

Saboda haka na zaɓi ƙaramin kai da ɗan gajeren bakinsa, na haɗa masa abin da ke tare manyan sautuka don kada su yaga faifan. Kuskuren da aka yi, direba ya sauke ni da akwatin kayan gaba ɗaya, har da babban kai da ƙatuwar lasifikar kasuwa.

A ƙofar fada Galadima ya tare ni, wani dogon dattijo mai ladabin da ke gajiyar da mutum. Ba a ganin sarki sai ta hannunsa. Ya sa na buɗe akwatin, ya ɗauki ƙaramin kan ya auna a tafin hannu kamar mai sayen albasa, ya ajiye. Ya ɗauki babban da hannu biyu, ya yi nishi, fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Wanga shi a na sarki.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, wannan na kasuwa ne. Ƙaramin shi ya dace da zaure.”

Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati a can, ya ce, “Kana son a ce gwamnati ta aiko ma sarki abin da yaro ka sawa aljihu? In Gazawa sunka ji, ina za mu sa kanmu?”

Na yi masa bayanin faifai, na yi masa na siririn sauti. Yana ta gyaɗa kai yana cewa “Madalla, madalla.” Da na gama sai ya kira dogarai ya ce su hau da babbar kan soron zaure, bakinta na kallon gari, don muryar ɗan sarki ba abin ɓoyewa ba ce. Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Na ce to, a bar babbar a sama, amma a bar ni in sa ƙaramar a ciki. Ya tambaye ni a ina. Na ce dab da sarki, daidai tsayin kunnensa, bakinta na kallonsa, domin siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, in ka kauce ka rasa shi. Galadima ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

“A nuna ma sarki baki? A yi mai magana kai da kai? Mu da munka tsuhwa a gidanga daga ƙasa muke magana.”

A ƙarshe ya yarda a ajiye ta a ƙasa can gefen ƙofa, bakinta na kallon bango, a kuma lulluɓe ta da wani saƙi mai kauri don girmamawa. Wato duk abin da aka san yana kashe siririn sauti, sai da suka haɗa mini shi a wuri ɗaya. Na ce in haka ne gara ta zauna aljihuna. Ya ce madalla, dama nan ne wurinta.

Da yamma aka shigar da ni gaisuwa. Sarki na zaune kan shimfiɗa, tsoho ne ƙarami mai idanu masu kaifi, ga rediyonsa gefe, wani ƙaton akwatin katako da ya sayo Katsina. Na kunna, yana aiki sumul. Amma abin da ya tsaya mini a rai rawanin ne. An naɗa shi ninki a kan ninki, ya rufe kunnuwa ruf, amawali ya zagayo ta haɓa. Ko yaro mai lafiyayyen kunne ka naɗa wa wannan, sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka.

Na lura da yadda suke yi. In rediyo ya yi magana, sarki ba akwatin yake kallo ba, fuskokin fadawa yake bi. In sun yi murmushi ya yi, in sun ce “Allah shi kyauta” ya gyaɗa kai. Daga nan Galadima ya matso ya faɗa masa abin da aka ce, a taƙaice, da irin kalmomin da shi Galadiman ya ga sun dace. Kowa a zauren ya san sarki ba ya ji, shi ma ya san sun sani, amma ba bakin da zai furta. A wurinsu sarki ba ya ciwo, ba ya tsufa, sai dai rediyo ya lalace.

Da muka fito na ja Galadima gefe na ce, “Ko za a ɗan sassauta rawanin gobe, ta wajen kunne ɗaya?”

Ya ce, “Mi ya samu kunnen?”

Na tuna kashedin kumandan. Na ce ba komai. Ya ce to ai ka gani.

Ranar Juma'a bayan la'asar zaure ya cika, ƙofar fada ta cika, don an yi shela. Na haɗa rediyon da injin ƙara murya, na ja waya zuwa kan soro. Amma na bar wata gajerar waya a kusa da gwiwata, ƙaramin kan kuma yana aljihun rigata. Aka fara sa gaisuwar ɗalibai. Babbar lasifika na ta aikinta a sama, ana jin ta har bayan gari. Mu kuwa a ciki, rufin ƙasa ne kawai ke gunji a kanmu, sai rediyon katako da ke ta gurnani a gefe. Mu masu kunne muna tsintar maganar, sarki kuwa sai bin fuskoki yake yi.

Sai mai gabatarwa ya ambaci sunan garin. Waje ya ɗauki guɗa. Muryar saurayi ta fito, ta ce, “Baba, ni ne Isuhu.” Ya ci gaba da gaisuwa, yana tambayar gona, yana tambayar wata tsohuwar goɗiya ko tana nan. Fadawa suka shiga “Allah ja zamanin sarki, ɗanka na gaisuwa,” suna ƙara rufe ɗan abin da ya rage.

Na dubi sarki. Ya karkato kai wajen akwatin, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa na murza gefen shimfiɗa. Bai ce komai ba, kuma ba zai ce ba, don Isuhu ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa a gaban mutane. Amma duk wanda ya ga fuskar nan ya san ba ya jin ko kalma ɗaya, ga gaisuwa na ta tafiya.

Nan haƙurina ya ƙare. Na fizge wayar soro, na haɗa gajerar wayar nan da ƙaramin kai, na ja gwiwa har gaban shimfiɗa, na ɗaga ɗan bakin daidai kunnensa na dama. Galadima ya ce “Kai! Kai!” wani dogari ya riƙe mini kafaɗa. Ban sauke hannu ba. Na ce a raina in kora ce a kore ni, in ɗauri ne a ɗaure ni, amma ba zan koma Maraɗi da wannan takaici ba.

Sarki ya ɗaga wa dogarin yatsa, ya sake ni. Ya matso da kai. Na ga alamar wani abu na isa gare shi, amma rawanin na tarewa. Sai ya sa hannu da kansa ya ja amawalin ƙasa, ya ture ninkin rawanin sama, kunne ya fito fili, da furfura a gefensa. Fadawa duka suka sunkuyar da kai, Galadima ya juya fuska bango, don kada a ce sun gani.

Abin da ya rage na gaisuwar kaɗan ne. Isuhu na cewa, “In Allah ya so, damina mai zuwa ina hanya. A gai da Inna, a ce mata tarin nan ya bar ni.” Sai aka wuce ga wani ɗalibi.

Sarki ya janye kai daga bakin lasifikar. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Muryar wancan ta yi kauri.” Ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, maido shi baya.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ba ya maiduwa.”

“To da hwarko mi ya ce?”

Galadima ya yi wuf, fuskarsa na bango har lokacin, ya ce, “Ya ce Allah ja zamanin sarki, Allah ƙara ma sarki imani.”

Ban san lokacin da na ce “Ba haka ya ce ba.” Na matsa kusa da kunnen nan da ke buɗe na ce, “Cewa ya yi, Baba, ni ne.” Tsohon ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya gyaɗa kai, ya mayar da rawaninsa a hankali, ya ce a kawo mini ruwa.

Ba a kore ni ba. Galadima ya aika wa kumandan cewa babbar lasifikar gwamnati ta yi aiki, har ƙauyuka an ji. Kafin wata ya ƙare, duk mai sarauta daga Gazawa har Gidan Rumji sai ya aiko yana son irinta a kan soro, mai nauyin, kar a kawo masa ƙaramar. Na bar wa sarki ƙaramin kan da izinin kumandan, na ji kuma an ce yakan sallami fadawa ya saurari labarai shi kaɗai. Amma bai kai daminar ba. Isuhu ya zo ta'aziyya ne.

Abin da na koya, wanda nake so ku riƙe, shi ne ba a zaɓen kan lasifika da nauyinsa a hannu, ba a kuma zaɓensa don masu kallo. Ka fara tambaya wa zai saurara, shekarunsa nawa, ina zai zauna, me ke tsakanin kunnensa da bakin lasifikar. Sannan ka sani, rabin aikin nan ba waya ba ne, mutanen da ke tsaye tsakaninka da mai kunnen ne, kuma yawancinsu ba mugaye ba ne, ƙauna ce da girmamawa suka yi musu yawa har suka zama katanga. Galadima ya yi kuka ranar jana'iza fiye da kowa, na gani da idona, amma ban huce ba. Ranar nan duk garin ya ji yaron ya ce Baba, har matan da ke bakin rijiya. Uban kaɗai ne sai a bakina ya ji ta, ni baƙon da ya zo jiya.