Bugun Da Ba A Ƙirga Ba

Shekara goma sha tara ya yi yana dukan farantin ƙarfe kafin ya ga abin da dukan nasa ke haifarwa. A wurin aiki Mai Guduma ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in tsokana ta motsa mata.

Aikin ayarinsu shi ne gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin a kafa gada ko babban gini. Sukan ja doguwar waya a miƙe, su kakkafa wasu 'yan na'urori masu tsini waɗanda ma'aikata ke kira kunnuwa. Shi kuma ya ajiye farantinsa, ya ɗaga guduma ya sauke. Girgizar ta nutsa, ta ci karo da dutse ta dawo, kunnuwan su ji su aika wa kwamfutar da ke cikin mota. Iyakar abin da aka taɓa gaya masa ke nan. Da can faskare yake yi, kuma don ƙarfin damtse aka ɗauke shi, ba don yawan tambaya ba.

Sai dai tambaya a jininsa take. Yakan tsaya yana mamakin yadda tafin ƙafarsa ke jin bugun daban a kan yumɓu, daban a kan tsakuwa, amma bai samu wanda zai tambaya ba.

Ana nan aka kawo musu sabuwar injiniya, mace mai ƙaramin jiki da ba ta iya zama a mota. Wata rana a bakin wani kogi ya ji tana mita, wai hoton da kwamfutar ta zana ya dagule, layuka sun hau kan juna kamar an zana abu sau biyu. Ya jingine gudumarsa, ya matso a hankali ya ce, “Ranki ya daɗe, wai ni ina bugun nawa yake a cikin wannan abin?”

Ta dube shi, ta juyo masa da kwamfutar. Ta nuna masa wasu layuka masu lanƙwasa, ta ce wannan ne saman dutsen, wannan na ƙasansa kuwa ba ta san ko mene ne ba, domin yana fitowa a wasu wuraren, ya ɓace a wasu. Ya nemi ta gaya masa wuraren. Da ta lissafo su sai duk ya tuna su a wuyan hannunsa. Ƙasar wuraren tauri gare ta, kuma a irin wannan ƙasa guduma kan yi ɗan tsalle ta sake taɓa farantin.

“Ai sau biyu nake bugawa a nan,” in ji shi. “Na biyun ba ni ke yi ba, gudumar ce da kanta.”

Injiniyar ta sa ya maimaita a gabanta tana tsugune kusa da farantin. Da ta ji ƙarar ta biyu, 'yar siririya, sai ta riƙe haɓa. Ashe kwamfutar na ɗaukar bugun na biyu tana zana shi kamar wani dutsen daban.

Daga ranar gidansa ya zama wurin gwaji. Ya ajiye kwanon ruwa a tsakar gida yana buga ƙasa yana kallon yadda ruwan ke rawa. Matarsa ta ce in katangar maƙwabta ta faɗi, shi zai je ya ba da haƙuri, ita ba ruwanta. Ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa ƙarƙashin farantin, tsallen ya ragu, amma robar ta haɗiye bugun, da aka gwada a wurin aiki hoton ya fito fari fat. Ya gwada katako, ya tsage a bugu na huɗu. A ƙarshe abu biyu suka yi aiki: ya riƙa kankare ƙasar sama kamar yatsa uku don farantin ya zauna daram, sannan ya koya wa hannunsa fizge gudumar da zarar ta yi tsalle, tun tana sama. Wata biyu ya yi kafin hannun ya saba, kafaɗa na ciwo.

Da suka koma bakin kogin suka sake aikin, dutsen ƙarya ya ɓace. A madadinsa aka ga wata tsaga da ruwa ya ci a cikin dutsen gaskiya, daidai inda za a kafa ginshiƙin gadar. Aka matsar da ginshiƙin gaba.

Yanzu kafaɗar ta ajiye aiki. Inji ne ke sakin nauyi a kan farantin, shi kuwa yana tsaye gefe da hannu a bayan kunne. In ya girgiza kai, a sake bugawa, ba mai gardama. Masu tuƙa injin suna ce masa Baba, suna kuma guje masa lokacin cin abinci, domin sai ya tsare mutum da tambaya har abincinsa ya huce.

Kwanan baya injiniyar ta buga masa hoton gindin gadar a takarda. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa har ya kai ƙarshen takardar, sannan ya tambaye ta me ke ƙasa da nan. Ta ce bugunsu bai kai can ba.

“To wane irin bugu ne ke kaiwa?” ya ce, yana jawo kujera.