Waken da Muka Kwantar

Ina cikin shekarata ta uku da fara koyar da kimiyya a wata sakandaren ƙauye can gefen Gwiwa, sai shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce ƙarshen ajina ya zo. Wai ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ɗalibai kuma goma sha ɗaya ne kacal. Da zarar masu duba makarantu sun zo nan da mako uku, za a rufe ajin, a zuba yaran cikin ɗaya ajin da ba a kimiyya, ɗakin kuma a mai da shi sito.

Na ce, "Yallaɓai, sito? A ajiye me, karyayyun kujeru?"

Ya ce, "Malama, ki iya bakinki."

Tun ina yarinya a Kazaure ake gaya mini haka, har yau ban iya ba. Na ce masa kafin a rufe sai masu dubawar sun ga gwaji da idonsu. Na fito ina cika baki, alhali ko kwalbar gwaji ɗaya ba ni da ita.

Ran Asabar ina gida, inda waya ke kama sabis, na ci karo da bidiyon mutanen da ke zaune a tashar sararin samaniya. Sun shuka iri a ɗan akwati, saiwar ta fito tana ta karkace-karkace, don a can babu abin da ke jan ta ƙasa. Aka ce ɗalibai a makarantu suna shuka nasu a nan duniya su kwatanta. Na ce to, in dai wake ne da auduga, ai mu ma ba a fi mu ba.

Ran Litinin muka yanka robobin ruwa, muka cusa jiƙaƙƙiyar auduga, muka manna wake a jikin roba yadda za a riƙa ganin saiwa. Rabi muka bar su tsaye. Sauran muka kwantar, da nufin kowace safiya mu juya su, mu ga ko saiwar za ta sake neman ƙasa. Yaran nan har rige-rigen zuwa suke yi.

Washegari muka tarar da robobin duka a tsaye, an jera su reras. Muka sake kwantarwa. Kashegari ma haka. Ran Alhamis kuwa, innalillahi! An cika kowace roba da ƙasa da kashin awaki, ko ƙwayar wake ɗaya ba a gani. Wata ɗaliba ta fashe da kuka, ni kuwa raina ya gama ɓaci.

Ban yi tunani ba, ban tambayi kowa ba. Na faɗa ofis ko sallama babu, a gaban malamai biyu na ce wa shugaban, "Yallaɓai, in rufe ajin za ka yi, ka rufe da rana tsaka. Ba sai ka sa an ɓata wa yara aiki a ɓoye ba."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Mai gadinmu ne, dattijon da ya shekara fiye da hamsin yana noma.

Ya ce, "Malama, ni ne. Na ga iska na ta kayar muku da shuka, na tayar. Na kuma ga an bar iri cikin auduga ba ƙasa ba taki, na ce yaran nan ba su san noma ba, bari in taimaka."

Kunya kamar in nutse. Na durƙusa na ba shugaban haƙuri, ya ce ya wuce, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Na ce wa dattijon, "Baba, don Allah, wannan karon ko ka ga sun yi adungure, ƙyale su." Ya yi dariya ya ce bokon zamani sai mu.

Muka sake daga farko. Ranar da baƙin suka zo, saiwar robobin da ke tsaye ta miƙe sambal, ta waɗanda muke juyawa kuwa ta lanƙwashe sau huɗu, kowace lanƙwasa safiya guda. Ɗalibar nan da ta yi kuka ita ta riƙe wayata, ta nuna musu saiwar tashar sama, ta ɗaga tamu, ta yi bayani tiryan-tiryan ba gargada. Wallahi na ji alfahari har idona ya kawo ruwa.

Babbansu ya ce, "Madalla, Malama, kin yi ƙoƙari. Amma ƙa'ida ɗakin gwaje-gwaje ta ce, ba robar ruwa ba." Na dubi shugaban ko zai sa baki. Ya sunkuyar da kai yana duba takarda, na kuwa san ni na jawo.

Aka sa wa ɗakin kwaɗo. Da aka dawo hutu, ranar farko na tarar da su goma sha ɗayan nan zaune a ƙasa a bakin ƙofar, da littattafansu a cinya. Shugaban ya zo ya ce in tashe su su tafi sabon ajinsu.

Na ce, "Yallaɓai, ba ni na zaunar da su ba, ba kuma ni zan tashe su ba."

Na shimfiɗa ɗankwalin da ke jakata na zauna, na ce su buɗe babi na shida. Kwana tara muka yi a barandar nan, rana na dukanmu, iyaye na zuwa kallo. A na goma aka buɗe ƙofar, bisa sharaɗin su ne na ƙarshe, ba za a ƙara ɗaukar kowa a ajin kimiyya ba, ni kuma in sun gama a mai da ni Babura.

Na sa hannu. Su goma sha ɗayan duka sun zauna jarrabawar kimiyya, kuma da za a mai da ni bakin ƙofar nan yau, zama zan sake yi.