Dukan da wayata ta jawo min a kasuwar Lolo

Jama'a, yau saura ƙiris a kashe ni a kasuwar Lolo, kuma wayata ce sila!

Mashin ɗaya gare mu ni da Yaya Sani, kowa da makullinshi, wanda ya riga gamawa shi ke ɗauka. Na gama sayar da albasa, na iske mashin gindin mangwaron da muka saba ajiyewa. Na hau, na tada. Sai wani mutumin Benin ya kurma ihu: "Ɓarawo!"

Kafin in buɗe baki sanda ta sauka a ƙeyata. Sai ga ni ƙasa! Mari, shuri, jini har cikin ido. Wani yana cewa a kawo taya da fetur! Ina rantsuwa, "Wallahi namu ne, ni da yayana!" Mutumin yana cewa, "Ƙarya! Yau da safe na saye shi!"

Wani dattijo ya shiga tsakani: "Ku bari ya kira ɗan'uwan nashi."

Wayar nan kuwa, da fuskarta ta mutu a aljihu sai ta saki netwok, ba saƙon da ke shigowa sai an taɓa ta. Ina buɗewa, ƙirin! Saƙon murya daga Yaya, tun safe. Na danna, kowa yana ji: "Bello, na sayar da mashin, kar ka taɓa shi. Hau mota."

Mai sanda ya ce, "Yi haƙuri, malam."

Na dawo gida Bagudo babu haƙori ɗaya. Yaya ya dube ni ya ce, "To kai mi ya hana ka duba wayarka?"

Ku zo ku riƙe ni!