Ghali da Saurayi Mai Nauyin Baki

Shekara uku Ghali yana tuƙa motar wani jami'i a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, can a ƙasar Larabawa, kuma shekara uku yana jin haushin wani saurayi da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Saurayin na cikin wani tsohon katun ne na Japan, fassarar Larabci, wanda 'ya'yan maigida mata biyu suke kunnawa a allon da ke bayan kujerarsa kullum a hanyar makaranta. Su da mai renonsu, Sailuba, suna kallo; shi kuwa idonsa na kan titi, kunne kawai yake bazawa. Kafin su ƙarasa sai su maido farko. Abin da ya fahimta dai, yaron yana son wata yarinya, ya koyi sana'a, ya zama mutum, amma furta kalma ɗaya ta gagare shi.

"Wannan wane irin sakarai ne?" in ji Ghali, yana dukan sitiyari. "Yalla, maza faɗa mata mana!"

Sai Sailuba ta ce, "Ai kuwa, Malam Ghali."

Shi gwanin ba da shawarar, tun ranar da ya ji Hausar Sailuba a gidan nan zuciyarsa ta tafi. Ya sayo mata turare a kasuwar Batha, turaren ya shekara cikin aljihun mota. Kullum da uzurinsa: bari a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, bari a wuce Hajji. Wallahi abin da ban takaici.

A ƙarshen 2016 kwantiraginta ya ƙare, aka buga mata bizar fita ba dawowa. Shi aka sa ya kai ta filin jirgi. Tana baya kamar kullum, allon a kashe. Ya yi tari, ya gyara madubi, ya zagi wani mai tasi. Da suka isa ya sauke akwatinta, ya tattaro duk ƙarfin halinsa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Wai yaron nan na katun, ya faɗa mata kuwa?"

Sailuba ta dube shi, ta ce:

"Ya faɗa, a kashi na ƙarshe. Shi ai ya fi wani ƙoƙari."

Ta ja akwatinta ta shige. Turaren yana nan cikin aljihun mota.