Ranar da Inna Ta Juya wa Dandamali Baya

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafillatana ce daga wata ruga a gefen Tozai, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In zance ya zama dole sai ta ce "wancan". Muna yara, idan tana son ya ci abinci, ni take ce wa tuwo yana hucewa, alhali na riga na suɗe kwanona.

Babanmu ɗan kasuwar albasa ne, kuma a danginsu ba a taɓa yin makaɗi ba. Da Yaya ya koyi jita wurin wasu samari a Ƙonni, Baba ya ce ya zaɓa, ko buhun albasa ko wannan katako mai igiya. Yaya ya ɗauki katakonsa ya tafi Yamai, inda aka ce kowace unguwa da makaɗanta. Bayan shekaru Baba ya rasu, Yaya ya zo ta'aziyya, Inna ta ja mayafi ta amsa gaisuwarsa tana kallon bango. Abin da ya dame shi ke nan: ya kasa gane ko kunyar da ya sani ce, ko kuwa ita ma ta yafe shi kamar yadda Baba ya yi.

Shekarar da ambaliya ta ci gidaje a bakin kogi, makaɗan Yamai suka shirya wasa don a tara wa waɗanda ruwa ya kora taimako. Yaya ya kira ni a waya ya ce in gayyato masa Inna. Ya ce wannan ce gayyata ta ƙarshe, in ba ta zo ba ya fahimta, ba zai ƙara zuwa Illela ya tsaya mata a ƙofa ba. Muryarsa ba ta wasa ba ce, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Na isar da saƙo. Inna ta ce ita da wurin kiɗa sai dai a mafarki. Washegari kuma na tarar ta ɗaure ƙunshinta. Wai ba zai yiwu ta bar yarinya ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba, rakiya za ta yi min. Yarinyar ni ce, mai 'ya'ya har da suruki, wadda ke tsallaka iyakar nan ta Illela da Ƙonni da atamfofi kusan kowane mako ba wanda ya taɓa raka ta ko bakin titi.

Ranar Juma'a muka tashi. Ban da ƙunshin, Inna ta rungumo wani bokitin roba mai murfi, an naɗe shi da zane. A iyaka ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya buɗe ya ga man shanu cike har baki, ya tambaya ko na sayarwa ne. Inna ta ce na shafawa ne, gwiwarta ke ciwo. Ya dubi bokitin, ya dubi gwiwar, ya yi mata fatan samun sauƙi. Daga Ƙonni muka shiga doguwar mota. Duk tsawon hanyar bokitin yana kan cinyarta, ni kuma nata ƙunshin yana kan tawa, ga nawa kayan a ƙarƙashin ƙafa. Haka na yi ta jin daɗin rakiyar har Yamai.

Mun sauka gidan wata abokiyar cinikina. Ranar Asabar bayan la'asar na shirya, Inna ta ce tun da rakiya ta zo yi, ba za ta yi rabi ta bari ba. Ta ɗauki bokitinta.

A wani fili aka yi wasan, an jera kujerun roba, jama'a maƙil. Yaya ya sa an ajiye mana wuri a layin gaba, tsakanin manyan mutane masu ƙamshin turare. Inna ta zauna daram ta kalli 'yan Zabarma da masu rawani daga arewa, har tana cewa wani mai ganga zai ji ciwon kafaɗa gobe. Sai mai gabatarwa ya kira sunan Yaya, fili ya ɗauki tafi. Inna ta miƙe a natse, ta ɗaga kujerarta, ta juya ta, ta zauna ta ba dandamali baya.

Wani babban ma'aikaci mai tabarau da ke layi na biyu ya ga kawai tsohuwa ta sa shi a gaba, gwiwa da gwiwa. Ya yi mata nuni da hannu cewa wasan yana can. Ya gwada Faransanci, ya gwada Zabarmanci. Inna ta gaishe shi da Hausa, ta tambaye shi iyali da gajiya. Bawan Allah ya amsa, ya koma leƙen dandamali ta saman kafaɗarta.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na raɗa mata cewa Yaya yana kallonmu, zai ɗauka fushi ne, mun yi tafiyar banza. Can sai ta taɓo ni.

"Auta, da hula ga kainai?"

Na ce da hula.

"Ya rame ko?"

Na ce ta juya ta gani mana. Ta ce wuyanta ya riƙe tun cikin mota. Haka na zama rediyo: ya tsaya, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi dariya. Da na ce mata wata Baturiya ta tashi tana rawa, ta ce wannan ba shi ta tambaye ni ba.

A ƙarshe Yaya ya sallami 'yan amshinsa ya rage shi kaɗai da jita. Yana fara kaɗawa na gane kiɗan. Waƙar da Inna ke yi wa saniyarta ce lokacin tatsa, da sassafe a bayan gidanmu, sa'ad da shi yake zaune can nesa wai yana wanke ƙafa. Ban san ya riƙe ta ba. Na dubi Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, tana bin waƙar da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ma'aikacin nan ya daina leƙe, ya cire tabarau yana gogewa. Da aka gama ta share ido ta ce min an yi sauri da yawa, ba saniyar da za ta saki nono da wannan gaggawa.

Bayan an tashi muka zagaya bayan dandamali, ina ta shirya ban haƙurin da zan yi. Yaya ya fito da gumi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa wata lasifika da ke jingine a gefe. Na buɗe baki zan fara bayani, ya ɗaga min hannu, idonsa ya yi ja.

"Bari, Auta. Ina hawa na ga fuskoki ba iyaka, na ga baya guda. Wa zai taso tun daga Illela don ya ba ni baya in ba ita ba? Mai fushi gida zai zauna."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta turo bokitin da ƙafa zuwa wajena.

"Wanga abu ya ishe ni da nauyi, ki ba wani. Kuma ki shaida ma masu son zuwa Illela, ɗakin zaure an share shi tun bara."

Ranar Lahadi muka kamo hanya, muka iso kasuwar Illela tana watsewa. Maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, suna tambayar yadda wasa ya kasance. Inna ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Da babbar salla Yaya ya zo da jitarsa. Yana yin sallama ta juya ta fuskanci bango, ta ce min tuwo yana hucewa. Ya wanke hannu ya zauna.