Ranar da Auta ta Auna Mahaifinta

Ni dai a aji huɗu na firamare na tsaya, amma shekarar da autata za ta rubuta jarrabawar gama sakandare sai da na haddace lissafi da kunne. Yarinyar ba ta iya bita da baki a rufe ba. Ina kicin ina yanka alayyafo, ina jin ta a baranda: santimita ɗari mita ɗaya, giram dubu kilo ɗaya, inci sha biyu ƙafa ɗaya. Har in tsinci kaina ina amsa mata kamar waƙa.

Malaminsu ya ce kada su tsaya a takarda, su auna duk abin da suka gani. Shi ke nan ta ɗauke min tef ɗin ɗinki. Ta hau ta auna tankin ruwa, ta faɗi lita nawa yake ci. Ta auna falo, ta ɗora mudun shinkafata a sikeli. Gidajen Nassarawa na da kuwa akwai fili, abin awo ba ya ƙarewa.

Wata ranar bayan la'asar, lokacin zafin bazara, Alhaji maigidana yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Ya yi ritaya, ciwon suga ya ɗan taɓa shi, amma tsokana tana nan.

"Ke injiniya, kin auna tanki kin auna tukunya, mai gidan fa?"

"Abba, sai ka tashi tsaye."

"Wa zai tashi a wannan zafin? Auna ni a haka."

Ta durƙusa tana dariya, ta sa bakin tef a dugadugansa. Tef ɗin bai kai ba, ta dafe wurin da yatsa ta sake ja har kansa. Ta ce mita ɗaya da santimita saba'in da takwas. Ya ce ƙarya ne, ta cinye masa biyu.

Hajiya, mahaifiyarsa, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ke 'yar nan, ba a auna mai rai a kwance. Gawa ake yi wa haka, a kai wa masu haƙa." Alhaji ya ce, "Hajiya, ai camfi ne." Ta ce ta sani, ta tashi ta shige ɗaki. Ni ma da shi na taso, na ga ana auna mamaci da karan dawa ina ƙarama. Sai na ji alayyafon ya fita a raina.

Ba a yi nisa ba, jarrabawa na matsowa, Allah ya karɓi abinsa, Alhaji ya rasu da hantsi, a kan kujerar falo. Gida ya cika. Ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, ya tsaya a baranda da waya a kunne, masu haƙa suna tambayar tsawo. Ya ce a samo kara. Ina za a ga kara a unguwar nan? Ana cewa a tura direba Hotoro ya nemo, sai na ji muryar auta daga bayan labule, a bushe, ta faɗi awon nan nata.

Baffa ya ce, "Mutanen nan ba su san santimita ba, 'yata."

Ta yi shiru kaɗan. Na san shirun, lissafi take yi. "Ƙafa biyar da inci goma."

Ya maimaita musu, ya ce su ƙara kaɗan. Da awonta aka haƙa kabarin ubanta.

Daga ranar baranda ta mutu. Auta tana karanta sauran darussa, amma littafin lissafi ko kallonsa ba ta yi. Ta ce ba za ta rubuta takardar lissafin ba, alhali in babu ita babu jami'a. Malamin Islamiyyarsu ya zo ya yi mata bayanin ajali, ta ce ta yarda. Hajiya da kanta ta kira ta, ta ce bakin tsufa ne, ta roƙe ta ta yafe mata. Ta ce to. Da muka keɓe sai ta ce min, "Umma, na san ba ni ba ce. Amma da na ga lamba, ƙafarsa nake gani."

Ban iya wa'azi ba. Ana gobe takardar, na shimfiɗa tabarma a tsakar falo, na miƙe a kai, na miƙa mata tef.

"Auna ni."

"Umma, don Allah."

"Auna ni, malama, shinkafata na kan wuta."

Ta daɗe a tsaye. Sannan na ji sanyin ƙarfen bakin tef a dugadugaina. Na rufe ido ina salati a zuci, fuskata kuwa na sake ta kamar mai jiran a yi mata lalle. Ta ja tef ɗin har ta kai goshina. Ta faɗi lambar. Na ce ta mayar min ita ƙafa da inci, ta mayar. Na tashi na kaɗe zanina, na ce, "To, ga ni." Washegari ta tafi da rularta da fensir, ta kuma ci.

Amma na ɗaure kaina da abin da ban yi tunani ba. Daminar nan zazzaɓin sauro ya kama ni sosai, ban isa in kwanta a gabanta ba. A tsaye na yi jinyarsa, ina tuƙa tuwo ina hira, sai ta fita sannan in jingina da bango. Yanzu ta yi aure, tana koyar da lissafi a Kawaji. Duk da haka, in ta kira waya ta ji muryata ta ɗan canza, sai ta yi shiru. Ni kuma in gyara murya in ce mura ce, in ja ta da labarin maƙwabta har sai na ji ta yi dariya.